Inna, Ashe Bununin Gero Ne

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, yau ƙara na kawo, kuma ke nake ƙara.

Kin tuna murar nan tawa? Duk shekara, da gero ya fid da kai a gonarmu ta Jabo, sai atishawa ta tasa ni gaba, goma a jere, hanci na zuba, idanu jawur suna ƙaiƙayi. Ke kuma ki riƙe ƙugu ki ce, "Wagga mura taka ta san lokacin aiki. Mi ya hana ta zo da rani?"

Sama da shekara ashirin, Inna! Kin hana ni ruwan randa, wai sanyi ne. Kin turara ni da tazargade har na shaƙe. Mai kemis ya yi ta huda ni da allurar zazzaɓi, alhali jikina ko ɗumi bai yi ba. Ƙannena suka laƙaba mini Malam Atishawa, sunan ya bi ni har Kebbe inda nake koyarwa.

Bana matata ta gaji, ta tura ni asibiti a Tambuwal. Likitar ko jinina ba ta ɗiba ba. Ta tambayi watan da abin yake zuwa, ko da zazzaɓi, ko majinar tsinkakkiya ce, ko yana lafawa in na bar gona. Ta haska hancina, ta ce jikina ne ba ya jituwa da bununi, garin furen da iska ke kaɗowa daga kan gero. 'Yar ƙwaya da maganin fesawa a hanci, shi ke nan fa! Shekaranjiya na wuni cikin gero lafiya lau.

Na kai wa Goggo Asabe, ƙanwar Baba, labari. Ta yi dariya har da tafa hannu: "Ai uwarka ma haka take. Ka taɓa ganin ta kai abinci gona in gero ya yi bununi?"

Haba Inna! Kina fama da irinsa, kika bari ana ce mini raggo?

Kwana biyu ina jin haushinki. Sai na tuna safiyar da kika zaunar da ni kina goge mini ido da jiƙaƙƙen bakin zanenki, naki idon ya fi nawa ja. Na tambaya, kika ce hayaƙin murhu ne. Ke ma har kika koma ga Allah ba wanda ya faɗa miki sunan ciwonki.

Na janye ƙarar. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sada mu a Aljanna.

Ɗanki mai kewar faɗanki,
Bello