An Kori Kocinmu Saboda Mun Ƙi Zuwa Kamfe

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Kurket ta Ƙwararru,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda takarda biyu na kai ofishinka da hannuna, ba a amsa ko ɗaya ba.

Sunana Sabo Haruna, haifaffen Ɗanzomo, direban Keke Napep a Gumel. Har makonni uku da suka wuce ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta arewacin Jigawa. Wanda ya koya mana wasan nan shi ne Malam Bulus, malamin makaranta ɗan Filato da aiki ya kawo Gumel. Da sandunan da kafinta ya sassaƙa mana muka fara, mutane suna tsayawa suna yi mana dariya. Shekara tara yana tare da mu, babu wanda ya taɓa biyansa. Ga kokena:

1. Ranar da ka zo Gumel ƙaddamar da gasar, ka faɗa a gaban iyayenmu cewa cikin 'yan wasa goma sha ɗaya na kowace ƙungiya, takwas dole su zama 'yan yankin. Alƙalanka ne suka gwada mu kwana biyu, suka zaɓe mu. A kan maganarka na mayar wa maigidana kekensa, domin gasar wata uku ce. Ya ba wani. Yau ba ni da keke, ba ni da ƙungiya, ga mata da 'ya'ya biyu.

2. Kun sayar da ƙungiyarmu ga wani Alhaji, dillalin riɗi a Maigatari. Ba mu ƙi ba, mun san gasa ba ta tafiya sai da mai ɗaukar nauyi. Abin da ba ku gaya mana ba shi ne yana neman takarar majalisa. Sai da riguna suka iso muka gane, hotonsa a ƙirji ya fi sunan ƙungiyar girma. Muka haɗiye, muka sa.

3. Saura kwana goma wasanmu na farko, aka aiko mota a kwashe mu daga filin atisaye zuwa taron kamfe a Gagarawa Tasha, wai mu jera a bayan Alhaji muna ɗaga sanduna. Malam Bulus ya same shi a gabanmu ya ce, "Alhaji, ni ma'aikacin gwamnati ne, ba na hawa dandamalin siyasa. Waɗannan kuma wasa suka sa hannu za su yi." Alhaji ya ce, "Malam, ƙungiyar nan sayenta na yi." Washegari aka kori Malam Bulus daga aikin koci da saƙon waya mai layi biyu. An maye gurbinsa da ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ranar da ya fara zuwa fili ya tambaye mu ina aka ajiye raga, ya ɗauka ƙwallon ƙafa muke yi.

4. Mu bakwai da muka ƙi shiga motar, an cire sunayenmu. An kawo wasu daga Legas da Benin, an yi musu takardu cewa a Sule Tankarkar aka haife su, kwamitinka ya buga hatimi. Ba na ganin laifin samarin nan, abinci suka zo nema kamar ni. Amma ɗaya daga cikinsu ya ja ni gefe ya tambaye ni wane ne Sule Tankarkar, ya ɗauka sunan mutum ne.

Da na kai ƙara, sakatarenka ya rufe ƙofa ya ce in yi haƙuri, Alhaji ne kuma ke biyan kuɗin nuna gasar a talabijin, idan ya janye kowa ya rasa. Ranka ya daɗe, idan haka ne, don me ka tara iyayenmu ka yi musu alkawari? Mahaifina ya bar gona ya hau babur daga Ɗanzomo ya zo ya saurare ka. Yanzu idan ya tambaye ni ranar wasa, sai in sunkuyar da kai.

Ina roƙon abu uku. A fito da takardun haihuwar 'yan wasan a bincika su a gaban 'yan jarida. A mayar da Malam Bulus, a kuma ba shi haƙuri a rubuce. Na uku, idan kwamitinka na ganin an cire mu ne don ba mu iya ba, a haɗa mu wasa ɗaya da sabuwar ƙungiyar a Gumel, ƙofa a buɗe, kowa ya shigo kyauta. Idan suka ci mu, ni da kaina zan rubuta wata wasiƙar a nan in nemi gafararka.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka daga sayar da amanar da aka damƙa maka. Ka sa ranar, za ka same mu a fili.

Wassalam.

Sabo Haruna Ɗanzomo,
Gumel, Jihar Jigawa.