Jan Haske a Ƙofar Gidan Mai Gari

Shagari,
9 ga Janairu, 1983.

Zuwa ga Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da matarka Atika da yara. Ya aikin fadama? Allah ya sa albasa ta yi kyau.

Na zaɓi in rubuto maimakon in zo gida Danchadi, domin in na tsaya gabanka yanzu, bakina zai faɗi abin da bai kamata ƙane ya faɗa wa wansa ba.

Da aka turo ni koyarwa nan Shagari na bar na'urata a ɗakinka, abu ɗaya na roƙe ka: kada kowa ya gan ta. A gaban Inna na yi maka bayani. Na ce siririn jan hasken nan da ake kira leza, miƙa shi ake yi a kan kunyar albasa. Da fara ta ratsa shi, idon na'urar zai gane, bakin feshi ya juya ya watsa magani a wurin kaɗai. A wannan matsin da maganin ƙwari ya zama sai mai hanya, ka san abin da hakan zai yi wa manomi. Na kuma gaya maka hukuma ba ta ba mutum takardar mallakar abin da ya ƙirƙira sai in sabo ne, ba a taɓa buɗe shi ga jama'a ba.

Jiya direban motar Bodinga ya tare ni yana dariya, wai shi ma ya ga fitilar Maniru mai harbin fara. A bakinsa na ji ka ɗauke ta bayan sallar Juma'a ka kai ƙofar gidan mai gari, don dattawa su sa mata albarka kamar yadda aka yi wa injin ban ruwanka. Yaya, injin ban ruwa saye ka yi. Wannan tun ina ajin ƙarshe a jami'a nake fama da ita. Ka haɗa ta da batirin mota, aka riƙa jefa fara ana tafi. Sannan Alhaji Na'Allah mai sayar da maganin feshi ya sa Mode mai gyaran rediyo ya kwance murfinta, kana tsaye kana maimaita musu bayanina.

Ka aiko mini da gaskiya: wa ya gani, me aka buɗe. Kada ka rage komai don ka lallashe ni.

Ƙanenka,
Maniru.

Shagari,
6 ga Fabrairu, 1983.

Yaya Attahiru,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Na ji ciwon ƙafarta ya tashi, Allah ya ba ta sauƙi.

Amsarka ta iso. Ka ce boko ya sa na raina addu'ar dattawa, kuma a gidanmu ba a taɓa fara amfani da sabon abu a ɓoye kamar kayan sata ba. Ban raina addu'a ba. Da ka tambaye ni, da na ce a kira Liman shi kaɗai, ya yi addu'a a kan akwatin a rufe. Ba ka tambaya ba, domin so kake a ce ƙanen Attahiru ne ya yi.

Ga abin da alfaharinka ya jawo. Na je Sakkwato wurin lauya, ya bincika mini. Alhaji Na'Allah ya riga ya aika da zanen na'urar Legas da sunansa, don a ba shi takardar mallaka. Zanen Mode ne. Har kuskuren da na yi wajen ɗaura wayar ido, wanda nake shirin gyarawa, yana ciki.

Lauya ya ce ina da damar kai ƙara cewa daga wurina aka ɗauka ba da yardata ba. Amma tambayar farko da za a yi ita ce, a ina Alhaji ya gan ta? In aka ce a ƙofar gidan mai gari, gaban rabin Danchadi, shi ke nan, ba sabon abu ba ne kuma. Takardarsa ta mutu, tawa ma ba za a taɓa rubuta ta ba. In na yi shiru, ta zama tasa. Kuma ka yi tunani, mutumin da ke cin abinci da yawan feshi, me zai yi da na'urar da ke rage feshi? Kulle ta zai yi, ya hana kowa ƙera irinta.

Tun da na dawo abinci ba ya shigar mini. Kada ka sake aiko mini da albasa, na mayar wa direba.

Maniru.

Shagari,
27 ga Fabrairu, 1983.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan gida lafiya. A gaishe da Inna da Atika.

Na karanta shawararka har na haddace ta. Ka ce ka zagaya gida-gida, kuma mutanen gari sun yarda su rufa mini asiri: kowa zai ce bai ga komai ba. Kai kuma za ka rantse cewa a ɗakinka Alhaji ya gan ta, shi da Mode kaɗai, bisa amana. Na tambayi lauya ba tare da na ambaci sunanka ba. Ya kawar da kai ya ce in haka abin ya faru, takarda tawa ce.

Amma ba haka ya faru ba. Kai ka sani, ni na sani, direban Bodinga ma ya sani. Da farko ka nuna abin da na ce ka ɓoye, yanzu kana so ka ɓoye abin da gari ya gani, kuma duka biyun kyautatawa kake kiransu. Kana so in sa hannu a ƙarƙashin labarin da ba ya nan, in rayu ina jiran ranar da wani zai tuna ya yi tafi a wurin.

Na gaya wa lauya ya rubuta gaskiya. Takardar ta fita hannuna, kuma ba za ta shiga hannun Alhaji ba. Duk mai iya haɗa waya a ƙasar nan zai iya ƙera na'urar, ba wanda zai hana shi. Sunana ba zai hau kanta ba. Kada ka ce mini wannan ma alheri ne, ban kai wurin jin haka daga bakinka ba.

Ranar Juma'a mai zuwa zan zo tare da lauya. Ka koma gidajen nan da ka zagaya, ka ce musu kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, har da Mode in yana da kunya. A ɗakin Inna zan sauka, kada Atika ta wahala da girki.

Ban yafe maka ba, Yaya. Amma ba zan bari ka dafa Alƙur'ani a kan ƙarya saboda ni ba.

Ƙanenka,
Maniru.