Yatsun Suqin

Putian, ƙasar Sin, bayan bikin tseren kwale-kwale

Yaya Jinshui,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Inna, da fatan kana cin abinci kana ƙoshi. Inna ta kunna maka turare a ɗakin bautar Mazu, ta ce in gaya maka ka riƙa rufe ƙirjinka ko ana zafi, sai ka ce jariri ne kai ba gardi mai furfura a gemu ba.

Lauya ya ce ka tambayi hannuna. An cire ƙarafunan da likitoci suka sa a ciki. Babban yatsa da ƙaramin suna aiki, ukun tsakiya sun ƙi lanƙwasuwa. Na ɗauki buroshi in gwada zana ganye a gefen wani tsohon kambas, layin ya fita kamar tafiyar mashayi. Na wurga gwangwanin fenti a bango na zauna na yi ta kuka. Ni da nake zana dodanni da furanni a takalman mutane tun ina budurwa, yau ganye ɗaya ya gagare ni.

Har yanzu ranar nan ba ta bar idona ba. Deming ya kama wuyan hannuna ya cusa a injin matse ƙasan takalmi, ya taka fedar yana kallon ƙwayar idona, don kawai na ce na daina zana tambarin jabu a kayansa. Wai mijina ke nan. Ban san ka shigo ba sai da na ji gudumarka ta sauka a haƙarƙarinsa, sannan a gwiwarsa, sannan a gwiwar kuma. Da ma'aikata ba su danne ka ba, da yanzu ba maganar ɗaukaka ƙara muke yi ba.

Ga wani labari, kada ka yi dariya. Na shiga makaranta. Wata Malama Fang tana koya wa mata zane a kwamfutar hannu, a saman shagon mai taliya kusa da kasuwar fata. Allo ne na gilashi da alƙalaminsa. Ta ɗaure mini alƙalamin a yatsu da roba, ta kunna wani abu da ke miƙe layi in hannu ya yi rawa. In na yi kuskure sai in taɓa gilashin, kuskuren ya ɓace. Yaya, ya ɓace fa, kamar ban taɓa yi ba! Jiya da'ira muka wuni muna yi, ni da 'yan matan da na isa in haife su.

Ka kula da kanka, ka riƙe bakinka.

Ƙanwarka,
Suqin

*

Suqin,

Na gaishe ki, ki gaida Inna. Ina ci, kunun shinkafa ne da kabeji, amma ina ci.

Zane a gilashi? Ina warin fenti, ina fata? Takalmin hoto wa zai sa shi ya taka ƙasa? Amma tunda ya hana ki kuka, ki yi ta da'irarki.

Nan gidan yari ma takalmi muke ɗinkawa, abin dariya, na bar takalmi a waje na zo na tarar da shi a ciki. Akwai wani ƙato a layinmu mai zanen damisa a wuya. Ya ji dalilin zuwana, sai ya ce, "Kai ne jarumin da ya shiga tsakanin miji da mata? Ai mace sai da ɗan matsi." Na bar shi ya gama dariyarsa, na ɗauki kwanon abincina na rufe masa baki da shi. Haƙoransa biyu a cikin kabejina na same su. Abokansa suka taru a kaina, girata ta fashe, an yi mini ɗinki. Na yi kwanaki a ɗakin kaɗaici, shi ya sa amsar ta yi jinkiri. Kada ki gaya wa Inna. Lauya ya riga ya zage ni, ba sai kin ƙara ba.

Abu ɗaya nake so in sani. Gurgun nan ya fara tafiya? Yana zuwa inda kike? Ki gaya mini gaskiya, don in na ji a bakin wani sai na fi jin haushi.

Yayanki,
Jinshui

*

Putian, ana gobe bikin tsakiyar kaka

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau, duk da ba ka cancanta ba. Kwano! Muna nan muna roƙon alƙali ya rage maka, kai kana can kana cire wa mutane haƙora. Inna ta saya maka wainar bikin mai siffar wata, aka ce ba a shiga da ita, ta zauna ta cinye taka tana share hawaye.

Takalmin hoton da kake rainawa, ga yadda yake. Ana zane ne hawa-hawa, kamar takardu masu shara-shara a ɗora kan juna: siffar takalmin a ƙasa, layi a samanta, launi a wani hawan, inuwa a wani. In mai kaya ya ce ja bai yi masa ba, sai in sauya jan kaɗai, ban taɓa sauran ba. In na danna alƙalamin layin ya yi kauri, in na sassauta ya sirance, daidai da buroshi. Wata amarya ta so kambas mai kifaye jajaye guda biyu. Na zana, na tura mata ta waya, ta ce a ƙara tsawon jela, na ƙara kafin shayinta ya huce. Wata ɗalibar Malama mai lafiyayyen hannu ta bi zanena da fenti a kan fata. Amaryar ta taka ƙasa da shi, Yaya, har ta yi rawa.

Ka ce in faɗi gaskiya. E, yana tafiya, da sanda. Ya tare ni a bakin kasuwar fata, ya yi aski, ya sa farar riga. Ya kira ni da sunan da yake lallashina da shi, ya ce, "A-Qin, kin rame." Ya ciro takardar yafiya, wadda lauya ya ce in wanda aka daka ya sa mata hannu kafin zaman kotu, za a iya rage maka shekaru. Ya ce zai sa hannu ranar da na koma gidansa da allona, in riƙa zana masa. Ya ga kifayen a waya, ya san akwai kasuwa.

Na ce ya ba ni lokaci. Da zai tafi ya kama yatsun nan uku ya murza, yana murmushi, har sai da gwiwata ta taɓa ƙasa a gaban masu sayar da fata. Ba wanda ya ɗaga kai.

Inna ta tsufa, kullum tana leƙen hanya. Ina tunanin in koma. Na taɓa zama da shi ban mutu ba.

Ƙanwarka mai kewarka,
Suqin

*

Suqin,

Ba gaisuwa yau. Ki saurare ni.

Ban fasa gwiwar mutum don ki koma ki wanke masa ƙafa ba. In kika koma, ko an sake ni ƙafata ba za ta taka gidan Inna ba, kai tsaye wurinsa zan nufa, kuma wannan karon ba gwiwa zan nema ba. Kin ga an sake ni a banza ke nan. Mai duba wasiƙu zai shafe abin da na rubuta a ƙasan nan, ya shafe, ke kin san ni.

Shekarun nawa ne, ni nake cin su, ba ke ba. Ki bar mini kayana. Ki ce masa ya dafa takardarsa ya sha romon.

Ki gaida Inna.

Jinshui

*

Putian, farkon sanyi

Zuwa ga Malam Weng Jinshui,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ba ka san ni ba. Ni ce Fang Yuelan, mai koya wa ƙanwarka zane. Ita ta roƙe ni in rubuto, domin tana asibiti. Da ranta, kuma likitoci sun ce za ta tashi. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta kafin ka karanta sauran.

Washegarin da wasiƙarka ta iso, da rana tsaka muna darasin inuwa, mijinta Deming ya hawo benen. Ya ajiye takardar a kan teburinta ya ce, "Tattara allonki, mota na jira."

Ta ce, "Ba zan je ba. Yayana ya ce ka dafa ta ka sha."

Ɗalibai biyu suka yi dariya, ina jin dariyar ce ta ƙarasa shi. Ya fizge allon ya maka mata a fuska, gilashin ya tsage, ya yanka mata kunci. Ya bi ta da sandarsa har ta faɗi. Na shiga tsakani, ya ture ni na bugi taga. Sai ya jawo hannunta na hagu ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauki gudumar da muke gyaran samfur da ita, yana cewa, "Ɗayan ma na karɓa, in ga da me za ki yi zanen."

Malam Weng, akwai na'urar busar da fenti a teburin, mai hura zafi kamar bakin murhu, kuma a kunne take. Da wancan hannun da ake cewa ya mutu ta ɗauke ta, babban yatsa da ƙaramin, ta kafa masa a gefen fuska. Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Gudumar ta sauka a katako. Kafin ya miƙe, matan ajin sun rufe shi da ƙafafun katakon da ake ɗora takalmi a kai, mai taliya ya hawo da ludayinsa, aka zauna a kansa har 'yan sanda suka zo. Ya yayyaga takardar da haƙora yana kwance.

Haƙarƙarinta biyu sun karye, an ɗinke kuncin. Hannun hagu lafiya lau. Shi yana tsare, ajin gaba ɗaya mun ba da shaida, kuma ta shigar da ƙarar rabuwa. Lauya ya ce ba yafiya yanzu, kada a sa rai da ragi mai yawa. Na ba ta aron allona. Da na shiga jiya na tarar ta jingina shi a gwiwa tana gyara fiffiken wani tsuntsu, ma'aikaciyar jinya tana ta faɗa.

Ta ce in ƙara da wannan, da kalmominta: "In aka yanke masa hukunci, wataƙila inda kake za a kawo shi. Na gama da shi da hannuna. Kada ka taɓa shi, Yaya. Ina so ka dawo Inna tana da rai."

Ka huta lafiya.

Taka cikin girmamawa,
Fang Yuelan

*

Suqin,

Na gaishe ki, na gaida Inna, ki yi wa Malamarki godiya. Barka da sabuwar shekara.

An kawo shi. Ɓangarenmu daban, amma wurin cin abinci ɗaya ne. Kunnensa na dama ya narke ya manne da kai. Da ya gan ni tirensa ya faɗi, ya tsaya cak, tsakanina da shi bai fi tsawon tebur ba. Mai gadi yana kallon wani wajen.

Na zauna a kan hannuwana har aka gama cin abinci. Jiya ma haka. Yau ma haka.

Yayanki,
Jinshui