Otal Uku da Safiya

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wagga takarda ba za ta isa hannunka ba, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma kwana biyun ga kaina ya cika da tambayoyi, kuma duk gidan ga babu mai son tambaya irinka. In na tambayi yara, sai su ce mini haka abin yake. Kai kuwa ba ka taɓa yarda da haka abin yake ba.

Lafiya lau muke. Ɗiyarka Hadiza ta sauka bayan ƙaramar salla, namiji, an sa mishi sunanka, muna kiran shi Abba. Goshinka ya kwaso sak. Gonar Tsamaye bana ma ba a shiga ba, ƙanenka ya ce ta yi nisa da gari, 'yar ta bayan gida kawai ya zuba wa gero. Watan jiya wani dattijo ya zo tun daga wajen Alkalawa da injin ban ruwa ɗaure a bayan babur, yana neman mai gyara. Labari bai kai mishi ba. Da na faɗa mishi, ya zauna a zaure ya yi maka addu'a ya tafi da injinsa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ɗanka Bashir ya ce wanga hutu sai mun je mishi Dubai, ni da Hadiza da yaranta. Ya gama mana takardu. Akwai wani wurin wasa can, ya ce girmansa ya fi garin Isa, ba abin da ake yi ciki sai wasa. Ka ji? Gari guda, da tituna da masu shara da masu gadi, an gina shi don yara su yi dariya. Ya ce ɗakinsa ba zai ɗauke mu ba, don haka otal za mu sauka, shi da matarsa da yaransu su ma su dawo can mu zauna tare. Sai ya turo hotuna da bidiyon otal uku a wayar Hadiza, ya ce ni za ni zaɓa. Na ce mishi ni da ban taɓa kwana otal ba in ban da masaukin alhazai, ina ni ina zaɓe? Ya ce ai shi ya sa.

Malam, da ka ga abubuwan nan da ba ka ci tuwo ba ranar.

Na farko a bakin teku yake. Wurin da ake cin abinci, bango guda na gilashi ne, bayansa ruwa, kifaye na yawo, har da wani mai faɗi kamar faifai. Mutane na zaune suna cin kifi, kifi na kallonsu. Na yi ta kallon bangon nan ina neman inda aka haɗa gilashin, ban gani ba. Da me suka liƙe shi? Wa ke shiga ya wanke? In ya tsage fa? A saman otal ɗin kuma, can ƙololuwa, sun yi tafkin wanka, ruwan na zuwa har baki kamar zai zubo wa na ƙasa. Nan na tuna ka. Kai da ka yi rayuwarka kana lallashin inji ya ɗago ruwa daga gulbi zuwa gonar albasa, ga wasu sun kai tafki saman bene. Na san da mun je, mu muna kallon kifi, kai kana bayan gini kana neman wanda zai nuna maka injin. Na sa Bashir ya tambayo mini ko guda ne ko da yawa. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce halin Baba na ɗauko. Amma bai tambayo ba.

Na biyu yana cikin wurin wasan kansa. An gina shi kamar gidan sarautar tatsuniya, da hasumiyoyi masu tsini. In ka sauko daga ɗaki, taku kaɗan ka shiga wurin lilo. Akwai wani lilo kamar ƙafar keke, tsawonsa ya wuce duk rimin da ka sani, mutane na zaune cikin 'yan akwatuna yana juyawa da su a hankali. Akwai wani ɗan jirgin ƙasa da ke hawa sama ya kifar da mutane kai ƙasa, su yi ta kururuwa, in an sauke su kuma su koma layi. Wanga ya fi ɗaure mini kai. Mutum da ƙafarsa ya je neman tsoro? A wanga otal, in ka fita, wani na shigowa ya naɗe tawul ya mai da shi tsuntsu ya ajiye kan gado. Wai har matashin kai sai an tambaye ka wane iri kake so, mai tauri ko mai laushi. Ina so in ga mai naɗe tawul ɗin nan. Wa ya koya mishi? In ya koma garinsu aka tambaye shi sana'arsa, me yake cewa?

Na uku yana nesa, sai an shiga mota kafin a kai wurin wasan. Ba shi da kifi, ba shi da hasumiya. Itatuwan dabino ne da ciyawa da shiru.

Ni ma na yi nawa binciken. Na ce a tambayo mini ko akwai alamar alƙibla a ɗaki, aka ce akwai, a jikin rufi. Na ce buta fa, aka ce akwai abin da ya fi buta, na ce na ji, amma za ni tafi da tawa. Na ce ko za a bar ni in dama kunu, Bashir ya ce da safe akwai abinci iri-iri jere kamar kasuwa, kowa ya ɗebi son ransa. Na ce wanda ya rage ina ake kai shi? Wannan ma bai sani ba.

Jikokinka na wajen Bashir duk na biyun suke so, Hadiza ma haka. Ni ma, in faɗa maka gaskiya, raina na can. Amma da na kalli bidiyonsa har ƙarshe, sai na ga kullum bayan isha'i ana wasan wuta a saman hasumiyoyin nan. Ana harba wani abu sama ya fashe, wuta ta watsu ja da kore. Ƙararsa, Malam, ba sai na faɗa maka da me ta yi kama ba. Na kife wayar. Na aika wa Bashir cewa na uku na zaɓa, na ce ƙafafuna ne ba su son hayaniya.

Saboda Safiya ne, babbar ɗiyar Hadiza, 'yar rakiyarka. Ba ka san yadda ta kasance bayanka ba, bari in faɗa maka. Ranar da kuka taso daga Sabon Birni a motar kasuwa, kai da ita, 'yan bindiga suka buɗe wa motar wuta, waɗanda suka tsira sun ce kifa ta ka yi a cinyarka ka rufe ta da jikinka. Ta fito ko ƙwarzane babu. Amma damina biyu ke nan, in babur ya yi tari a waje, ko iska ta buga ƙyauren langa-langa, sai a ƙarƙashin gadona za ka same ta. Tana cin abinci, tana zuwa makaranta, tana gaisuwa. Tambaya ce ta daina. Yarinyar da ke bin ka wurin gyara tana cewa mene ne wannan, don me wancan, har masu inji suna ce mata ƙaramar injiniya, ta koma in an ba ta ta karɓa, in an hana ta ta yi shiru. Ba ta taɓa yin maganar ranar ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

To, ranar Juma'ar da ta wuce da la'asar, ina tsinke zogale a tsakar gida, ita tana gefena da wayar uwarta tana kallon kifayen nan. Ban lura ba ashe ta wuce zuwa bidiyon na biyun. Allah Ya sa muryar wayar a kashe take. Da na ɗago, na ga hasken wutar a fuskarta, na miƙa hannu za ni karɓe. Ta riƙe. Ta tambaye ni ko gidan ne ke ƙonewa. Na ce a'a, wasa ne. Ta ce wa ake harbi. Na ce ba kowa, sama ake harbawa don murna. Ta mayar da bidiyon farko, ta sake kallo. Sai ta ce, to yaya aka yi wuta ta zama kore, alhali duk wutar da ta sani ja ce.

Malam, zogalen nan sai da na sake tsince shi daga ƙasa. Har karkata kai ta yi irin naka.

Ban san amsa ba. Muka kira Bashir yana tsakiyar aiki, ya ce wani gari ne kamar gishiri ake zubawa cikin albarushin, kowane iri da launin da yake bayarwa. Ta ce wane ne ke ba da kore. Ya ce sai ya bincika. Ta ce ya bincika yau.

Ni na faɗa mata cewa abin yana da ƙara, kuma irin wace ƙara ce. Na ga bai kamata ta je ta tarar ba. Ta ce in buɗe muryar kaɗan. Na buɗe kamar kukan sauro. Ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga, amma ba ta tashi ba. Washegari ta ce a ƙara. Ranar Lahadi Hadiza ta ƙara da yawa, Safiya ta yar da wayar ta shige ɗaki, muka ce shi ke nan, mun ɓata. Da ta fito, abin da ta tambaya shi ne, in mutum yana cikin ɗaki ya rufe taga, zai ga wutar ba tare da ƙarar ta shigo ba?

Nan aiki ya dawo sabo. Na ce wa Bashir ya bar waya, ya taka da ƙafarsa ya je otal na biyun, ya roƙa a kai shi ɗakin da ke kallon hasumiya lokacin da ake wasan, ya tsaya ciki ya saurara. Ya je. Ya ce gilashin tagogin ninki biyu ne, da iska a tsakani, kuma ba a buɗe su sam. Ƙarar na shigowa, amma kamar ana daka a unguwa ta uku. Ya ce akwai kuma ɗakuna a ɗaya ɓarin da ba a gani, ba a ji. Na ce ya kama mana mai kallon wutar, ya kuma tabbatar in ta kasa akwai inda za ni koma da ita. Haka aka yi. Ban sani ba ko daidai na yi. Kai da wanne za ka zaɓa? Wata zuciyar na ce mini na yi garaje, yarinya ta yi tambaya uku na ɗauka ta warke.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk lokacin da ka tsare baƙo a zaure da tambayoyi, direba ne ko mai shanu ko ɗan Nijar mai sai da dabino, abinci na hucewa ina aika yara su kira ka, ni fa ina bayan katanga ina saurare. Rabin abin da na sani na duniya ta nan na ji shi. Ina son jin muryarka in ka ce, to tsaya, yaya aka yi? Ban san me ya hana ni faɗa ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Jibi za mu tafi Sakkwato, daga can Abuja. Na yi wa Safiya alkawarin za ni hau lilon nan mai kama da ƙafar keke tare da ita. Ka yi dariyarka, ba ni ji.

Saura abu guda, shi ne ainihin abin da nake son tambayarka. Jiya ina yi mata kitson tafiya, kanta a cinyata, ba tare da na ce komai ba ta ce ranar nan a mota kana yi mata magana a kunne. Na tsai da hannuna. Na zaci addu'a ce za ta ce. Ta ce addu'a ka fara, sannan ka tambaye ta ko ta san inda kwaɗi ke tafiya da rani, in tafki ya ƙafe. Ka ce ta rufe ido ta yi ta tunani, kada ta buɗe, in kun iso Isa za ka faɗa mata. Ta ce ta yi ta tunani, har aka ɗaga ka daga kanta tana tunani. Duk tsawon lokacin ga tana riƙe da abin, ba ta tambayi kowa ba, don kai ka ce za ka faɗa.

Na ce mata ni dai abin da na ji, laka suke tonawa su shige ƙasa, su kwanta can har ruwa ya sauka. Ta ce wataƙila haka ne, amma da kai ne da amsar ta fi haka tsawo.

Gaskiyarta. Me za ka ce mata, Malam? Ta ina suke numfashi? Wa ke faɗa musu ruwa ya zo?

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sada mu a inda babu tsoro. Sai mun zo.

Taka har kullum,
Indo 'yar Turba