Kwafin Takardar da Aka Ce Ban Rubuta Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Haladu ɗan Lado, haifaffen Sule Tankarkar, mazaunin Gumel, nake rubuta wannan da hannuna a watan Sha'aban na shekarar 1978. Ciwon ƙirji ya ci jikina, likita ya daina kallon idona in yana yi mini bayani, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya sa ni. Ina magana da ku 'ya'yana uku, Manu da Rahamatu da Bilya. A karanta a gaban mahaifiyarku Laure da ƙanena Bappa, daga farko har ƙarshe, kada wanda ya tashi a tsakiya.

Na ɗaya. Gidan nan na Gumel, da gonar Sule Tankarkar, da shanun da ke hannun Bappa, a raba su yadda shari'a ta ce. Ba ni da ta cewa a ciki, ku ma ba ku da ita. Daga cikin sulusin da Allah ya yarje mini, na ba Dogo direba ƙaramar gonata ta Gagarawa. Na san wani a cikinku zai ɓata rai. Ya saurara, zai ji dalili.

Shekara goma sha huɗu na yi wa jami'a aiki, har yau ba wanda ya iya gaya mini sunan aikin. A takarda tafinta ne ni, haka aka ɗauke ni don ina jin Fulatanci da ɗan Faransancin da na tsinta lokacin da nake bin mahaifina fataucin kanwa. Amma duk malamin da zai ƙetare iyaka da ɗalibai, ko Baturen da ya zo bincike yana son ganin Damagaram ko Agadas, wurina ake turo shi. Ni ke duba fasfo da katin allura. Ni ke sanin wace rijiya ke da ruwa a wane wata, wane gulbi ke yanke hanya da damina, wace takarda jandarma zai nema a wane shinge, wane mai gari za a rubuta wa kafin a sauka ƙasarsa. Ni ke ƙirga gangunan mai da na ruwa, in taɓa tayoyi da hannuna. In suka je lafiya suka dawo lafiya, sai a ce ai hanyar ce mai sauƙi. Sau uku ina rubuta ƙa'idojin tafiya ina kai wa manyan ofis, ina roƙon a mai da su doka. Sau uku ana yi mini godiya, a zura su cikin fayil.

Na biyu. Littattafan hanya guda tara da ke cikin akwatin ƙarfe ba dukiya ba ne, amana ce, saboda haka ba su shiga rabo. Rahamatu za ta riƙe su. Manu, kai ne babba, amma ka buɗe ɗaya ka gaya mini ko ka gane alamar da nake yi wa rijiya mai gishiri. Rahamatu tun tana 'yar makaranta take zama kusa da ni tana tambaya, kuma shekara biyun nan da ciwo ya kwantar da ni, ita ke amsa wasiƙun abokan aikina in ta taso daga asibiti. Ta ƙara da abin da ni ban sani ba, sha'anin allura da maganin ruwa.

Abokan aikin nan su ma ku san su. Mu bakwai ne masu irin wannan wahala a jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan da na Nijar, kowa da sunan da aka laƙa masa, wani akawu, wani shugaban direbobi, wani ma ma'ajin sito. Mun san juna ne a bakin iyaka, muna tsaye a rana muna jiran hatimi. Daga nan muka shiga rubuta wa juna duk wata: gada ta karye a wuri kaza, amai da gudawa sun ɓulla a gari kaza, an canja jami'in shinge, sabon ba ya son a yi masa Turanci. Sau ɗaya a shekara mukan haɗu a Maigatari ranar kasuwa, mu zauna a rumfar mai shayi mu gyara wa juna taswira. Mun nemi a yi mana rajistar ƙungiya, aka ce ba a yi wa sana'ar da babu ita rajista. Mun nemi a koyar da matasa a ba su shaida, aka ce wa zai koyar, tunda mu kanmu ba mu da shaidar. Biyu daga cikinmu sun rasu, ba wanda ya gaje su, abin da ke kansu ya bi su kabari.

Na uku. Rahamatu, ki je haɗuwar bana, mijinki ya riga ya yi mini alkawarin zai kai ki. Na rubuta wa Malam Cindo na Damagaram, shi ne dattijonmu, na ce a ba ki wurin zamana. Za a sami mai gunaguni don ke mace ce. Kada ki yi musu da kowa, ki buɗe littafi na bakwai ki karanta musu rijiyoyin arewacin Tanut, za su yi shiru. Ba zan yi miki ƙarya ba, aikin nan ba girma a cikinsa, ba ƙarin matsayi, kuma ranar da kika yi shi da kyau ba wanda zai sani. Kada ki bar asibiti saboda shi. Amma kada ki bar shi ya mutu.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

A bazarar 1974, ana tsakiyar fari, wani malamin jami'a da kowa ke kira Dakta ya shirya kai ɗalibai biyar arewa da Damagaram don su ga ƙauyukan da yunwa ta tasa. Cindo ya rubuto mini cewa rijiyoyin wajen sun ƙafe, makiyaya ma sun bar yankin. Na sami Dakta na ce ya jira ruwa ya sauka. In kuma dole ne, to ya tafi da mota biyu, da ganga huɗu ta ruwa, da ɗan jagora daga wurin Cindo, kuma kada a sauka daga babbar hanya. Ya dube ni ya ce, "Malam Haladu, kai tafinta ne. Aikinka ka fassara, ba ka ba da izini ba." Na koma na buga maganata a tafireta, na kai ofis, akawu ya karɓi ta sama ya buga mini hatimi da kwanan wata a kan kwafin. Suka tashi da jif ɗaya da ganga biyu, ba jagora. Dogo ne ke tuƙi, mutumin da na yi shekara tara ina tura shi daji bai taɓa dawo mini da ko mai targaɗe ba.

Ranar da ya kamata su komo wurin Cindo ta wuce, washegari ya bugo waya. Na ruga ofis na nemi mota da mai, aka ce mai sa hannu ya tafi ƙauye, a jira Litinin. Ranar Alhamis ce. Na hau motar haya zuwa Maigatari, na roƙi wani mai babbar motar kanwa da ya san mahaifina, ya sauke kayansa a kasuwa muka ɗora ganguna. Muka ɗauki Cindo a hanya. Sai da muka kwana biyu muna bin sawun taya kafin mu same su. Dakta ne ya sa aka bar hanya don a duba wani kufai, jif ta faɗa rami ƙarfen ƙafarta ya karye. Dogo ya shimfiɗa tamfol ya tara ɗaliban a inuwa, yana raba musu ruwa da murfin kwalba, ya hana kowa motsi da rana. Huɗu sun rayu ta dalilinsa. Na biyar, Ubale, ɗan Gagarawa, shi Dakta ya ɗauka suka tafi neman rijiya a ƙafa, Dogo yana roƙonsu kada su je. Dakta ya dawo da rarrafe. Ubale mun same shi a gindin wata busasshiyar aduwa. Ni na yi masa taimama, don ruwan da ya rage na masu rai ne, muka binne shi a wurin. Takalmansa da littafinsa na kai wa mahaifiyarsa, Goggo Azumi. Ta tambaye ni abu ɗaya, ta ce, "Ba wanda ya gaya musu ba ruwa?" Na sunkuyar da kai.

Aka kafa kwamitin bincike. Rahoto ya fito ya ce direba ne ya bar hanya da ra'ayin kansa, kuma ba a sami wata takardar gargaɗi a fayil ba. Aka kori Dogo. Labari ya bi tashoshi cewa ya kashe ɗalibi, ba mai mota da ya ƙara ba shi makulli. Yau facin taya yake yi a bakin tashar Maigatari da 'ya'ya shida. Dakta kuwa an ƙara masa girma.

Manu, kai ne sakataren kwamitin nan, wata huɗu da ɗaukarka aiki a jami'ar. Ka ga takardata a fayil da idonka kafin ta ɓace, kuma da hannunka ka buga layin da ya ce babu ita. Ka zo gida ka durƙusa a zauren nan ka ce, "Baba, in ka fito da kwafin, ni za a fara kora." Ni kuma na mai da shi akwati na kulle. Don haka kada ka ɗauka kai kaɗai nake tuhuma. Kai yaro ne a lokacin, manya suka tsorata ka. Ni fa? Da furfurata na zaɓi albashin ɗana a kan mutuncin mutumin da ya ceci rai huɗu. Har ciwo ya kwantar da ni ina bi ta bayan tasha don kada mu haɗa ido da Dogo, shi kuwa in ya hango ni sai ya taso da gudu ya karɓi jakata. Bai san da kwafin ba. Duk haushin da na ji na manyan ofis bai kai wanda nake ji na kaina ba.

Na huɗu. Kwafin yana cikin ambulan mai ruwan ƙasa a ƙasan akwatin ƙarfe, tare da bayanina da na Cindo, mun sa hannu. Bayan sadakar bakwai, Manu, ka ɗauka ka kai wa magatakardan jami'a hannu da hannu, ka faɗi abin da ka gani a fayil, ka nemi a wanke sunan Dogo a rubuce. Ban ce za su yi ba. Na san su, mai yiwuwa su yi godiya su zura a fayil. Shi ya sa kafin ka tafi za ka buga kwafi huɗu, kowane abokin aikina da ya rage ya sami ɗaya. Sannan ka biya ta Maigatari ka karanta wa Dogo, ka biya ta Gagarawa ka amsa wa Goggo Azumi tambayarta. Ka ce mata an gaya musu. Ka ce Haladu ya ji kunyar faɗa, yana roƙon gafararta.

Na biyar. Bilya, na san zuciyarka tana wajen tuƙi, kuma na hana ka sau da yawa. Na janye. Amma Dogo ne zai koya maka, ba wani ba, a gaban duk mutanen tasha. Ranar da mai mota ko fasinja ya ce ka bi hanyar da ka san ba ta da kyau, ka kashe mota ka sauka, komai girman rigarsa.

Na shida. Gabar da ke tsakanin Manu da Rahamatu ta ƙare da numfashina. Rahamatu, tun ranar da kika tsinci ambulan ɗin kina neman wani littafi, kika daina gaida yayanki, kika hana 'ya'yanki zuwa gidansa. Gaskiya tana wajenki, amma kin ɗora masa kayan mutum biyu, alhali ni kina kawo mini kunu kullum da fara'a. In kin iya yafe wa wanda ya kulle akwatin, ki yafe wa wanda ya roƙa a kulle. Mahaifiyarku ta gaji da dafa tukunya biyu ranar salla don kada ku haɗu. Ku dubi fuskarta.

Manu, ina jin tsoronka daga nan inda nake kwance, kana da mata da 'ya'ya uku da gidan haya. In ka kai takardar aka kore ka, ka dawo gida, gona tana nan, Bappa zai nuna maka inda ake fara shuka. In kuma ka tsaya a ƙofar ofishin ƙafarka ta ƙi shiga, ka dawo gida duk da haka, ba wanda zai rufe maka ƙofa, ban yarda wani ya goranta maka ba. Sai dai ka miƙa ambulan ɗin ga ƙanwarka, ka raka ta har bakin ƙofar, ka jira ta fito.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Laure, na bar ki da su, na gode da haƙurin shekarun da na yi ina kwana a hanya. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe Bappa a matsayin uba, kada ku bari rabon gona ya raba ku. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku, ya tsare ku a gida da daji, ya jiƙan Ubale, ya sa in na haɗu da shi in iya ɗaga kaina.

Wassalamu alaikum.

Haladu ɗan Lado, Gumel.