Alhaji Bai San Irin Jirgin Da Ɗansa Yake Ciki Ba

Assalamu alaikum Hajiya mai wannan shafi, da ku masu karatu, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin wani ya yi gaggawar rubuto mini “ki ji tsoron Allah”, ya daure ya karanta har ƙarshe. Tsoron Allah ina ji, shi ne ma ya sa na rame. Zagi kuwa na yi wa kaina wanda ya ishe ni, shawara na zo nema.

Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ni Faransa tun da ƙuruciyata. Muna zaune a Minguettes, gefen Lyon, can saman bene inda idan lif ya lalace sai mutum ya hau yana salati. Ina aikin raba wa yara abinci a wata makaranta. Mijina, Alhaji, yana tura tsofaffin motoci zuwa Kwatano, ƙanensa da ke can ya wuce da su gida. Maganar a kan ɗanmu na fari ce. Sunan mahaifin Alhaji aka sa masa, don haka Abba muke ce masa. Kun san yadda muke da ɗan fari: Alhaji bai taɓa zama ya yi hira da shi ba. Gaisuwa ce, sai “Allah ya yi albarka”, shi ke nan. Abin da uba ke son ɗa ya ji, ni za a faɗa wa. Abin da ɗa ke so a wurin uba, ni zan kai. Haka muka taso muka gani, kuma ta wannan ƙofar na yi abin da na yi.

Abba ya gama makaranta bai ci jarrabawa ba, ya koma zaman ƙofar bene. Wanda ke zaune a irin unguwarmu ya san abin da ke ƙofar bene: yaro a kan kujera, ido a hanya, yana yi wa masu sayar da ƙwaya gadi. Na fara ganin takalma a ɗakinsa waɗanda ba ni na saya ba, ba ubansa ba. Sai aka harbe abokinsa Musa, ɗan maƙwabciyata, wanda suka koyi keke tare. Na zauna zaman makoki ina kallon uwar, ba ta kuka ma, tana ta ninke ɗankwali ɗaya tana warwarewa. Na dawo na ce wa Alhaji yaron nan zai tafi. Ya ce a dage da addu'a, in ya ƙi ji a mayar da shi Damagaram. Ya je ya yi me a can? Yaron da ko Hausarsa sai an yi haƙuri da ita?

A tashar jirgin ƙasa na ga hoton talla, ana neman matasa aikin sojan ruwa. Ni da ko sunansa ba na faɗa, ni na riƙe hannun rigarsa na shiga da shi ofishin. Suka ɗauke shi. A hanyar dawowa ya ce, “Mama, Baba fa?” Na ce bar mini Babanka.

To, ga Alhaji. Kakansa Nasara suka kama suka kai yaƙinsu, bai dawo ba, ko kabarinsa ba a sani ba, kuma da wannan labarin aka yaye shi. Yana zaune a ƙasarsu, yana biyan harajinsu, yana gaisawa da kowa lafiya, amma kada ka ambaci sojansu a ƙasar wani. Tun da aka yi rikicin nan a gida aka ce sojojin nasu su kwashe su tafi, ya zama kamar limamin maganar a wurin shan shayinsu na bayan Juma'a. Na taɓa jin sa da kunnena yana cewa duk ɗan Afirkan da ya sa kakin mutanen nan ya je bakin ruwanmu, ubansa ya cire shi daga cikin 'ya'yansa. Shi ya sa da na shiga falo ran nan na ce, “Alhaji, Abba ya samu aiki a jirgin ruwa.” Ya ce wane iri? Na ce, “Bato dai, babban jirgi mai zuwa Afirka.” Wallahi iyakar abin da na faɗa ke nan. Shi ya ƙarasa sauran da kansa: jirgin kaya, mai dakon kwantena, irin wanda ke ɗaukar motocinsa. Ya tashi ya yi sujada. Na tsaya ina kallonsa ban gyara masa ba. Ko shirun nan ba ƙarya ba ce? Na san amsar, ba sai kun faɗa mini ba.

Na ɗauka wata biyu uku ne, in yaro ya natsu in faɗa. Ga shi shekaru sun wuce. Ban san ƙarya tana da aiki haka ba. Bahaushe ba ya ganin mai tafiya ya bar shi hannu sake, don haka duk hutun da Abba ya zo, Alhaji zai haɗa saƙo: maganin ciwon ƙafa na mahaifiyarsa Hajiya tsohuwa, turare, tabarau, har da na abokansa. Jirgin soja kuwa ba ya ɗaukar saƙon kowa. Sai in ɓoye kayan a ɗakin ajiya na ƙasan bene, ranar da ba ni da aiki in ce zan je gaida 'yar'uwa a Paris, in kai wa wata mata mai safarar kaya zuwa gida. Rannan Alhaji ya ji jirgin zai tsaya Kwatano, ya buga wa ƙanensa. Bawan Allah ya wuni a bakin tashar jiragen ruwa da kular abinci, yana tambayar kowa. Ni na tsara abin da za a ce, wai ba a bar su sun sauka ba. Abba kuma sai ya tuɓe kakinsa tun a garin da jirginsu yake, ya shigo gidan ubansa da wandon jins kamar ɓarawo. Na gaji, jama'a. Na gaji da tuna wace ƙarya na yi wa wa.

Aikin jirginsu shi ne tare masu safarar hodar iblis a tekun da ke gabar ƙasashenmu. Wata rana Abba yana gida muna cin abinci, sai ga labarai a talabijin: jirgin yaƙin Faransa, buhuna jere a kansa, sojoji tsaye. Alhaji ya ajiye cokali. “Kun gani ko? Jiya sun ce ta'addanci suka zo yaƙa, yau sun ce ƙwaya. Gobe za su ce kifi suke gadi. Wa ya kira su? Ga ƙwaya nan a ƙofar benenmu, a ƙasarsu, sun kasa hanawa, sai a ruwan wasu za su nuna ƙarfi?” Abba da bai taɓa mayar wa ubansa magana ba, ya ce a hankali, “Baba, ta can take biyowa kafin ta zo ƙofar benen. Kuma akwai sojojin ƙasashen a cikin jirgin, tare ake yi.” Alhaji ya dube shi ya yi dariya. “Tare? Mai jirgi da wanda aka ɗauko a hanya? Kai me ka sani, kai da ke dakon kwantena? Ci abincinka.” Abba bai dubi ubansa ba, ni ya duba. Na tashi na ce miya ta kama, alhali na kashe wutar tun ɗazu.

Kada ku tambaye ni wa ke da gaskiya, ni ban sani ba. Idan Alhaji na magana sai in ji gaskiyarsa ce. Idan na tuna uwar Musa sai in ce a kama su ko a ina ne, ko wa zai kama. Shi kansa Abba ba kullum yake da tabbas ba. Washegari ina yanka kuɓewa ya shigo kicin ya jingina da firij, ya ba ni labari. Sun tare wani jirgin kamun kifi, kayan na ƙarƙashin kifin. Cikin mutanen da aka durƙusar akwai wani dattijo mai dafa musu abinci, ba ya jin Faransanci, sai aka ji yana salati da Hausa. Aka kira Abba ya yi tafinta. Mutumin wajen Maraɗi ne, neman abinci ya kai shi bakin teku. Ya ɗaga kai ya dubi kakin, ya dubi fuskar, ya ce, “Yaro, ɗan wane gida ne kai?” Abba ya ce, “Mama, ban amsa ba. Na ba shi ruwa kawai. Manyan ba su hawa teku, irin su muke kamawa. Amma abin da ke cikin buhun nan shi ya kashe Musa. To in yi yaya?” Na ce ya je ya huta. Me zan ce masa? Ni na kai shi.

Abin da ya sa na rubuto yau, Abba ya samu mata. Yarinyar kirki ce, tana karatun aikin jinya, iyayenta mutanen Kano ne mazauna Sevran, wajen Paris. Ba ta san da wani ɓoye-ɓoye ba, ta faɗa wa gidansu aikinsa tun farko. Mahaifinta murna yake yi. An ce har hoton Abba yake da shi a waya, da farin kaki da hular nan mai jan tuntu, yana nuna wa mutane yana cewa ga surukinsa. A gida baffanni ne ke zuwa neman aure, uba ya zauna. Nan ba mu da baffa, don haka Alhaji zai je da kansa ranar Asabar mai zuwa. Kuma da wa zai je? Da mutanen wurin shayin nan, waɗanda suka sha jin abin da ya ce a kan uban da ɗansa ya sa kaki. An sayi goro da alewa, an yi hayar mota.

Na kira Abba na roƙe shi ya ce wa surukin ya rufa mana asiri na wuni ɗaya kawai. Kun ji inda na kai, ina koya wa ɗana yadda zai sa dattijo ya yi ƙarya. Ya ce, “Non, Mama. Na yi shiru shekarun nan saboda ke, ba don ina jin kunyar aikina ba. Ba zan fara aure da wannan ba. Ki faɗa masa, ko ki bar ni in zo in faɗa.” Na ce in ka faɗa da bakinka zai yi maka baki, kuma bakin uba ba ya faɗuwa ƙasa. Ya ce, “To ke ki faɗa.” Ya kashe wayar. Bai taɓa kashe mini waya ba.

Na auna ta kowane gefe. In na faɗa kafin Asabar, na san Alhaji: ba zai je ba, kuma babu mai ba da 'yarsa ga yaron da ubansa ya ƙi tsaya masa. Yana iya furta abin da ba ya janyuwa. Ga hawan jini, ga kasuwarsa da ta durƙushe tun da aka rufe iyakar da motocinsa ke bi, Abba ne kawai abin da yake ɗaga kai da shi a cikin mutane. In kuma na yi shiru, zai ji a falon baƙo, a gaban abokansa, a miƙo masa waya a ce dubi ɗanka. Igiyar aurena ma ban sa ta a lissafi ba, wallahi ta kaina ta fita raina. Abin da nake tsoro shi ne in raba ɗa da uba, ni da na yi duk wannan don kada in rasa yaron. Kuma abin da ya fi ba ni kunya, ko yanzu aka mayar da ni tashar nan, zan sake riƙe hannun rigarsa in shiga da shi. Ƙaryar nake nadama, ba aikin ba.

Ɗazu bayan la'asar Alhaji ya fito da babbar rigarsa yana duba ko tana son guga. Sai ya ce, “Af, kin san za su tambaye ni sana'arsa. Mene ne ma sunan kamfanin nasu?” Da can in ya tambaya nakan ce sunan Faransanci ne mai tsawo, ba ya zama a bakina, ya yi dariya ya bar maganar. Yau bai bari ba. Ya ce, “A'a, wannan karon ki tambaye shi. Kada in je gaban mutane a ce uba bai san inda ɗansa ke aiki ba. Tura masa yanzu, ina jira.” Na ce to. Na shigo ɗaki da waya, maimakon in tura wa Abba, ku nake rubuto wa.

Yana falo. Ya riga ya ɗaga murya ya tambaye ni ko yaron ya amsa, na ce tukuna. Zai sake tambaya, kuma ba ni da sauran ƙaryar da zan yi. Iyaye mata, iyaye maza, ku da kuka san zafin ɗa, in na buɗe ƙofar nan, me zan yi?