Fitilar da zan aika wa Inna

Daren Alhamis, unguwar Gataa El Oued, birnin Tamanrasset

Jikina kamar an yi mini duka, tun safe nake ɗaukar siminti. Da aka tashi aiki na biya shagon Alhaji Mamman na sayi fitila mai cajin rana, don Inna ta ce a can garinmu Arlit wutar lantarki ta zama baƙuwa, da lalube take alwalar asuba.

Alhaji yana saka ta a kwali ya ce, "Kai ɗan garin yuraniyom, kai ne mai aika haske gida?" Na taya shi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Baba ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin haƙar ma'adinin yuraniyom ɗin nan har tari ya kai shi kabari. Da abin da ya haƙo ake yin lantarkin da ke haska biranen wasu. Masu babbar riga sun yi mulki, masu kaki sun yi, kowa ya rantse arzikin zai dawo hannunmu. Ni dai nawa hannun siminti yake ci a ƙasar mutane.

Gobe wani direba mai zuwa Arlit zai tafi da fitilar. Gara mai cajin ranar. Ita rana har yau ba shugaban da ya iya sa hannu ya sayar da ita.